An Ari Bakin Nelia

Ranar da Efren ya fara shafa wa fuskarsa baƙin fenti, uwarsa ce ta riƙe masa madubi. Ita ce kuma ta zauna a bakin keken ɗinkinta ta haɗa masa hular gashi mai cukurkuɗe da baƙin ulu. Uwar tasa, Ima Soleng, ba muguwar mace ba ce. Duk unguwarsu a Porac an san ta da zuwa coci da kai wa marasa lafiya abinci. Abin da ta gani a lokacin shi ne ɗanta na fari, wanda furfura ta fara fito masa yana ba mashaya dariya a ƙananan gidajen rawa na Angeles, yau ga wani gidan talabijin na Manila ya kira shi ya gwada sa'arsa a shirin barkwanci na ranar Lahadi. An ce masa ya zo da sabon abu. Sabon abin kuwa bai je da nisa nemansa ba, a bayan kicin ɗin gidansu ya same shi, a tsugune yana feren rogo.

Nelia ce, matar ƙaninsa Gardo. Ita 'yar ƙabilar Ayta ce, mutanen duwatsun bayan gari, baƙaƙe gajeru masu nannaɗaɗɗen gashi, waɗanda mutanen gari ke kira Kulot. Gardo ma'aikacin jirgin ruwa ne, sai ya kusa shekara ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba, don haka ya bar ta da 'yarsu Mayang a hannun mahaifiyarsa. Harshen gari ba shi Nelia ta sha a nono ba. Tana jan ƙarshen kalma, kuma idan aka yi mata magana da sauri sai ta rufe baki da hannu ta yi 'yar dariya ta ce, "Daga dutse nake, a maimaita mini." Ba wanda ya taɓa ɗaukar wannan a bakin komai, sai Efren.

Lahadin farko falon ya cika da maƙwabta har taga. Aka nuno Efren baƙi ƙirin, ba takalmi, ɗaure da jan zane, an ba shi suna Atsi Kulot, wato Yaya Kulot. Ta shiga babban kanti ta yi wa matakala mai tafiya da kanta sallama, ta gai da hotonta a madubi ta tambaye shi mutanen gida, ta tsaya ciniki da na'urar cirar kuɗi. Da mai gadi ya daka mata tsawa sai ta rufe baki da hannu, ta ja murya ta ce daga dutse take, a maimaita mata. Falon ya kece da dariya, har wata maƙwabciya tana dukan cinya tana share hawaye. Daga nan, ba tare da kowa ya ce a yi ba, aka juyo ana kallon Nelia da ke tsaye a bakin ƙofar kicin. Ita ma dariyar take yi, don ta ga kowa yana yi, hannunta a kan baki. Da ta dubi akwatin talabijin ta ga hannun da ke can, sai ta sauke nata a hankali ta ɓoye shi a bayan zane.

Ima Soleng ta gani. Abin ya ɗan dame ta, amma a daidai lokacin ake rungumar ta ana cewa Allah ya amsa addu'arta, sai ta ce wa ranta ai wasa ne, gobe an manta.

Ba a manta ba. Kafin damina ta yi nisa, maganar ta zama waƙar gari. Yara na faɗa a hanyar makaranta, direbobin jifni, wato motocin hayar garin, sun rubuta a bayan motocinsu, har an buga a riguna. Nelia kuwa tana da ɗan wuri a bakin kasuwa inda take kasa abin da danginta ke sauko mata da shi daga dutse, rogo da dankali da furen ayaba da zuma a kwalabe. A da, mai saye ya zo ya taya, su daidaita, ya tafi. Yanzu sai mutum ya tsaya a kanta ya yi ta zuba surutu da sauri da gangan, abokinsa na gefe riƙe da waya, suna jiran ta faɗa. Idan ta yi shiru su ce tana da girman kai. Masu baburan haya da ke jira a bakin hanya su kan haɗa baki su rera mata duk sanda ta wuce da kwando a ka.

Wata rana da hantsi, suna tsince shinkafa su biyu a kan faranti ɗaya, Nelia ta yi ta juya magana a baki kafin ta fito da ita. Ta ce ko Ima za ta roƙa mata Koya, haka take kiran yayan mijin nata, ya canza kalmomin nan kawai, ya bar sauran. Ima Soleng ba ta ɗago ba. Ta ce mata farin jinin talabijin kamar ruwan sama ne, wanda bai tara ba lokacin da ake yi ya yi asara, kuma ita ma shaida ce an sauya rufin gidan nan da ya shekara yana yoyo a kan gadonta. Ta ce mutane ba ƙin ta suke yi ba, son ta suke yi. Sannan ta ƙara da abin da ya fi damun ta, ta ce kada ta kuskura ta gaya wa Gardo idan ya kira, mutumin da ke tsakiyar teku ba a ɗora masa damuwar gida. Nelia ta ce to. Suka ci gaba da tsintar tsakuwa.

Duk da haka Ima Soleng ta ɗan taɓa wa Efren maganar da ya zo hutun ƙarshen mako. Ya yi dariya ya dafa kafaɗarta. Ya ce kafin shi wa ya taɓa ganin Ayta a talabijin ranar Lahadi da rana? Ya ce shi ya fito da su duniya ta san da su, kamata ya yi su gode masa. Kuma ai Atsi Kulot ba muguwa ba ce, mai kirki ce, wauta ce kawai ta yi mata yawa. Uwar ta ji maganar ta yi mata daɗi, domin ita take son ji.

Abin da ya biyo baya shi ne wanda Ima Soleng ba ta iya tunawa ba tare da ta runtse ido ba. Wata safiya aka aiko daga dutse cewa innar Nelia, wadda ta raine ta, ta rasu. Nelia tana wanki a bayan gida saƙon ya same ta. Ta zauna daɓas a cikin ruwan kumfa, ta ɗora hannu biyu a ka, ta fara kukan mutuwa irin nasu, doguwar murya mai hawa da sauka, tana kiran sunan mamaciyar tana lissafa abin da ta yi mata da harshensu. Ima Soleng ce ta ɗaga ta, ta canza mata kaya, ta raka ta har tashar mota ta sa mata guzuri a jaka. Da zuciya ɗaya ta yi wannan. Amma washegari Efren ya zo, suna cin abincin rana ya tambaya ina Nelia, sai ta ba shi labari. Da ta zo kan kukan, ta ga bayani ba zai wadatar ba, sai ta ɗora hannu a ka ta kwaikwaya masa yadda muryar ke hawa da sauka. Ya ajiye cokali ya ce ta sake. Ta sake.

Nelia ta dawo daga makoki ba da daɗewa ba, ran Lahadi kuma aka nuno Atsi Kulot zakaranta ya mutu. Ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu biyu a ka, ta yi ta kiran sunan zakaran tana lissafa alherinsa da wani gwalangwalan da ba harshen kowa ba ne, muryar na hawa tana sauka daidai yadda aka yi a bayan gida. 'Yan kallon da ke zauren talabijin har faɗowa suke daga kujera. Nelia tana shigowa da tulun ruwan sanyi ta tsaya cak. Ta san Efren ba ya gida ranar da ta yi kukan nan. Mutum ɗaya ne ya ji ta. Ta dubi surukarta, ba harara ba, ba tuhuma ba, kallo kawai irin na mai son ya tabbatar, sannan ta ajiye tulun a kan tebur ta fita.

Tun daga ranar bakinta ya mutu a gidan. E da a'a kawai, sai gaisuwar safe. Ta daina 'yar waƙar da take yi idan tana shara, ta daina yi wa Mayang magana da harshensu. Idan Efren yana gida sai ta ɗauki abincinta ta ci a tsaye a kicin. Shi kuwa har ƙorafi ya yi, ya ce Nelia ta zama bebiya ta hana shi jari. Ima Soleng ta so ta je ta same ta, ta kai bakin ƙofar kicin fiye da sau ɗaya, amma sai ta tarar ba ta san da wace kalma za ta fara ba, ta ɓige da tambayar ko gishiri ya ƙare. Maimakon haƙuri sai ta riƙa saya mata abubuwa, yau takalmi, gobe man shafawa. Nelia ta karɓa da hannu biyu ta ajiye a ƙarƙashin gado.

Sai abin ya gangaro kan Mayang. Yarinyar tana aji huɗu, ta ɗauko hasken ubanta kaɗan, amma gashin na uwarta ne. A makaranta aka sa mata suna 'yar Atsi Kulot, ana cusa mata fensir a gashi a ga ko zai tsaya. Ta fara cewa ciki na yi mata ciwo da safe. Da aka kira taron iyaye, ba uwarta ta kai wa takardar ba, kakarta ta samu a ɗaki ta ce, "Apu, ke za ki je. Kada Mama ta zo." Nelia tana goge tagar falo, ta ji. Ta riga ta wanke rigar da za ta sa ta rataye. Da yamma ta sauke rigar ta ninke.

Ima Soleng ta ga jikarta na shan wahala, ta nemi magani, kuma maganin da ta samo shi ne ta ja ta zuwa gidan gyaran gashi ba tare da ta shawarci kowa ba. Aka shafa wa yarinyar man miƙar da gashi mai warin tsiya, aka bi da ƙarfe mai zafi. Man ya ƙona mata fatar kai a bayan kunne, tana hawaye tana cewa a ci gaba. Suka dawo gida gashin ya kwanta sumul yana sheƙi har kafaɗa, Mayang sai juya kai take don ya yi lilo. Nelia ta fito daga kicin ta tsaya tana kallo. Ta goge hannunta a zane ta miƙa don ta duba ƙunar da ta hango, sai yarinyar ta kauce ta ce kada ta ɓata mata. Hannun ya tsaya a iska na ɗan lokaci. Ima Soleng ta yi sauri ta ce ai don sauƙin tajewa ne, kuma zafi ake yi.

Ana cikin haka sai magana ta taso daga inda ba a zata ba. Wasu ɗaliban Ayta da malamansu suka fito suka ce shirin ya ishe su, a daina shafa baƙin fenti ana mai da su mahaukata. Cikin masu magana har da Luding, ƙanwar Nelia, wadda ke koyarwa a makarantar ƙauyensu. Ta tsaya a gaban waya ta faɗi yadda yaran ajinta suke ƙin saukowa gari gasar karatu saboda abin da ake rera musu a hanya. Maganar ta yaɗu, jaridu suka ɗauka, wani kamfanin sabulu ya janye tallarsa. Efren ya zo gida a rikice, ko takalmi bai cire ba ya durƙusa a gaban uwarsa. Ya ce masu gidan talabijin sun ba shi mafita ɗaya, a nuna wa duniya cewa matar ƙaninsa Ayta ce, gida ɗaya suke ci, kuma ita ba ta jin haushi. Idan ba haka ba, za a sallame shi ya koma gidajen giya. Ya ce shi ba zai iya tambayar ta ba, amma ba ta taɓa yi wa Ima musu ba.

Ima Soleng ta sami Nelia a bayan gida tana shanya. Ta zauna a kan turmi ta yi ta kewaye-kewaye, ta yi zancen zumunci, ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, ta tuna mata ranar da Gardo ya kawo ta gidan nan dangi suka ƙi zuwa biki, ita kaɗai ta tsaya ta ce wannan 'yata ce. Gaskiya ne, an yi haka. Ba ta taɓa goranta mata ba sai yau, kuma tana faɗa tana jin ɗacin abin a harshenta.

Nelia ta matse rigar da ke hannunta ta ce, "Ima, ƙanwata ce fa a can ɓangaren."

"Na sani, 'yata. Ba cewa za ki yi ta yi ƙarya ba. Naki kawai za ki faɗa, cewa ke ba ki damu ba."

"In na faɗa, ke za ki ji daɗi?"

Ima Soleng ta kasa kallon ta. Ta ce e.

Masu ɗaukar hoto suka zo da fitilu da wayoyi suka cika tsakar gida. Nelia ta sa rigarta ta zuwa coci, sai wata budurwa mai ba da umarni ta ce rigar ta yi kama da ta 'yan gari, ko akwai jan zane? Aka ɗauko na Efren na ajiya aka yafa mata, aka ce ta cire takalmi. Aka zaunar da ita a kan benci kusa da shi, ya sha fentinsa da hularsa, ya rataya hannu a wuyanta. Ta faɗi abin da aka koya mata, cewa Koya mutumin kirki ne, yana son mutanensu, ita ma tana kallo tana dariya. Aka ce ta sake da murmushi, ta sake. Da aka zo ƙarshe budurwar ta ce saura abu ɗaya, su haɗa baki su biyu su faɗi maganar nan, hannu a baki. Nelia ta nemi fuskar surukarta a bayan fitilu. Ima Soleng ta san idan ta girgiza kai sau ɗaya an gama, ba mai tilasta ta. Ta gyaɗa kai. Nelia ta ɗaga hannu ta rufe baki ta faɗa, maƙwabtan da ke leƙe ta katanga suka yi tafi.

Hoton ya yi aikin da aka so. Kamfanin sabulu ya dawo, aka ƙara wa Efren lokaci a shirin. Duk wanda ya buɗe baki ya soki wasan sai a tura masa fuskar Nelia a ce ga mai abin ta yafe, kai wane ne? Luding ta sha zagi har ta rufe shafinta na intanet.

Wata ranar Asabar Luding ta sauko gari. Ba ta shiga gidan ba, a bakin ƙofa ta tsaya, Nelia ta fita ta same ta. Ima Soleng tana bayan labule. Da harshensu suka yi magana, ba ta fahimci komai ba, sai dai ta ga Luding ba ta ɗaga murya ba, Nelia kuma kanta na ƙasa. Da za ta tafi ne Luding ta juyo ta dubi tagar, ta koma harshen gari don wadda ke ciki ta ji. Ta ce, "An ari bakinki an ci miki albasa, ba mu ga laifinki ba. Amma wannan karon ke kika ari namu." Daga wannan makon ba a sake sauko wa Nelia da rogo ko zuma ba. Ba wanda ya kore ta daga dutse, ba kuma wanda ya sake aiko mata da gaisuwa.

Nelia ta daina zuwa kasuwa, tunda ba abin kasawa. Ta daina zuwa coci, don a can ma sai an nemi ɗaukar hoto da ita. Ta rame har ƙasusuwan wuyanta suka fito, ta kan yi aikin gida tun da sassafe ta gama, sannan ta zauna a bayan kicin tana kallon katanga. Idan Gardo ya kira, Ima Soleng ta kan tsaya kusa, Nelia ta ce lafiya lau, ta miƙa wa Mayang wayar. Maƙwabta suka ce ko kewar miji ce, Ima Soleng ta ce ita ce. Ta saya mata maganin ƙarin jini.

Gardo ya sauka gab da bikin waliyyin gari. Ya shigo da akwatuna da kwalin alewa, ya rungumi uwarsa, ya ɗaga Mayang sama yana tambayar ina gashinta ya tafi. Da ya ga matarsa sai fara'arsa ta ragu, ya riƙe hannunta ya juya shi yana kallo. Ya san yayansa ya yi suna, abokan aikinsa sun nuna masa guntayen wasan a jirgi, ya ji ba daɗi, amma duk sanda ya tambaya a waya sai a ce masa ba komai, Nelia ma dariya take yi.

Aka dafa miyar tsamiya da kifi, aka zauna cin abincin rana, Efren ma ya zo. Mayang tana ta rawar kai, tana son ta burge ubanta. Ta ce ya tsaya ya ga abin da ta iya, duk ajinsu ba mai yi kamar ta. Ta sauko daga kujera ta zauna a ƙasa, ta ɗora hannu biyu a ka, ta ja murya tana hawa tana sauka tana kukan zakara. Efren ya fashe da dariya ya ce jini ba ya ɓuya, ga magajiyarsa. Yarinyar ta ƙara ƙaimi, ta rufe baki da hannu ta juya wajen uwarta ta faɗi maganar a fuskarta.

Gardo ya san wannan kuka. Ya taɓa jin sa a dutse lokacin da aka binne surukinsa. Ya dubi Nelia, tana riƙe da ludayi, idonta a buɗe ba hawaye, kamar ba a gabanta ake yi ba. Ya ajiye cokali. Bai kalli Efren ba ko sau ɗaya, uwarsa ya juya ya kalla.

"Ima, kina gidan nan aka yi duk wannan?"

Ta buɗe baki. Duk uzurin da ta yi ta bayarwa suna nan a kan harshenta, rufin gida, da wasa ne, da zumunci, da mutumin teku ba a tayar masa da hankali. Ta ji ba ko ɗaya da zai iya fita a gaban wannan yaron. Efren ya fara cewa ai ita Nelia da bakinta ta gaya wa duniya, Gardo ya ɗaga masa hannu ya dakatar da shi.

"A hannunki na bar ta," in ji Gardo. Ya tashi ya kama hannun matarsa suka shiga ɗaki.

Bai yi faɗa ba, bai fasa komai ba. Ya yi 'yan kwanaki yana fita da safe, sannan ya ce ya samu ɗaki a Olongapo kusa da tashar jiragen ruwa, can za su koma. Mayang ta yi ta birgima tana cewa ita a wurin Apu za ta zauna, ba za ta bi Mama ba. Uban ya ɗauke ta cak ya sa a mota. Sabon gashi ya fara tsirowa a nannaɗe daga tushe, ƙarƙashin wanda aka miƙar, tana ta danne shi da tafin hannu.

Nelia ce ta fito ƙarshe da 'yar jakarta. Ta zo ta kama hannun surukarta ta ɗora a goshinta, yadda yara ke neman albarkar manya. Ima Soleng ta riƙe hannun ta ƙi saki, ta ce ta yafe mata, ba ta san abin zai kai haka ba. Nelia ta ɗago ta dube ta. Sannan ta yi magana mafi tsawo da aka ji daga bakinta tun rasuwar innarta.

"Ima, kin ba ni takalmi, kin ba ni magani, na gode. Na yi ta jira ki tambaye ni sau ɗaya ko abin yana mini ciwo. Da kin tambaya, da na ce miki a'a, don kada ranki ya ɓaci. Tambayar kawai nake so."

Ta zare hannunta a hankali ta shiga mota.

Shirin bai tsaya ba. Har yau ana yin sa ranar Lahadi da rana, an ma ƙara wa Atsi Kulot miji da 'ya'ya, duk da baƙin fenti. Masu yi suna cewa nishaɗi ne, masu kallo suna cewa ba su nufin kowa da sharri, kuma da yawansu gaskiya suke faɗa, don ba su taɓa zama a tebur ɗaya da wadda ake yi da ita ba. Ima Soleng kuwa ta zauna da ita. Ta daina kunna akwatin ranar Lahadi, amma dariyar na shigo mata ta tagogin maƙwabta, kuma ba ta taɓa ce wa Efren ya bari ba.

Kwanan baya ta je kasuwa sayen kifi. A bakin hanya wata dattijuwar Ayta ta kasa dankali, samari uku sun kewaye ta suna zuba mata surutu da sauri, ɗaya riƙe da waya. Tsohuwar ta ƙura wa dankalinta ido. Ima Soleng ta tsaya, ta taka ƙafa ɗaya wajensu. Ta san yaran, ta san iyayensu, kalma ɗaya daga bakinta ta isa ta watsa su. Sai mai kifi ta hango ta ta ɗaga murya ta ce a ba da hanya ga uwar Efren, uwar mai raba mu da baƙin ciki. Kasuwa ta juyo ana murmushi, samarin ma suka juyo da wayar kanta suna gaishe ta. Mai kifin ta zaɓi babba ta ƙara mata a kan wanda ta saya, ta ce wannan na gaisuwa ne, a kai wa ɗanmu.

Ima Soleng ta karɓa. Ta yi murmushi ta yi godiya, ta bi ta ɗaya hanyar ta koma gida.